Kacau-kacau daga bayan kujera a tsohuwar Mazda MX-5: a sauke inji ne ko a canza bak-aksul?

Tambaya: Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1991, mai inji 1.6 da giyar hannu. Kwanan nan ta fara wata ƙara da ban saba ji ba, irin kacau-kacau ta ƙarfe, idan allurar juyin inji tana tsakanin 2,500 da 3,000, musamman in na saki totur a lamba biyu ko uku. A kunnena daga bayan kujera take fitowa. Da safe kuma inji kan yi tak-tak na 'yan mintuna sannan ya daina. An canza boris ɗin tayar baya, ƙarar tana nan. Wani bakanike ya ce a sauke inji, wani ya ce bak-aksul ne, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyin baya, ya mutu. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Cikin su biyun babu wanda ya gwada abin da ya faɗa, kowa ya saurara ne ya yanke hukunci, kuma hukuncin kowannensu aiki ne babba. Abin da ka kwatanta ƙara biyu ne waɗanda babu abin da ya haɗa su. Ta safe kusan na san ko mece ce. Ta biyun kuwa ina da zato mai ƙarfi a kanta, kuma akwai gwajin da zai tabbatar da zaton ko ya rushe shi tun ba a kwance noti ko guda ba.

Batun boris ɗin da aka canza, an bar jaki ne an daki taiki. Boris ɗin taya bai san juyin inji ba, gudun mota kawai ya sani. Idan ya lalace, gurnani yake yi wanda ke ƙaruwa da gudu, ko kana cikin giya ko ka sa firi, kuma muryarsa kan sauya in ka karkata sitiyari: ka karkata hagu nauyi ya koma dama, idan gurnanin ya ƙaru to galibi na dama ne, haka kuma akasin hakan. Ƙarar da ke zuwa a 2,500 ta ɓace bayan 3,000 ba ta da wata alaƙa da wannan. Wanda ya ce a canza shi ya bi inda kunnenka ya nuna ne kawai.

Bari mu sallami tak-tak ɗin safe. Injin wannan mota, tun daga na 1989 har zuwa ƙarshen ƙirar farko a 1997, yana da tafet masu aiki da matsin baƙin mai. Kowane bawul cikin goma sha shida yana da nasa, kuma a cikinsa akwai ɗan ƙaramin fistin da mai ke cika shi ya toshe ratar da ke tsakanin kamshaf da bawul. Idan mota ta kwana, mai kan zurare daga wasunsu. Ka tayar da inji, ratar tana nan, sai kamshaf ya riƙa dukan tafet har mai ya sake cika shi. Shi ne tak-tak ɗin. Kana iya tabbatarwa da lissafi: kamshaf yana juya rabin juyin karanshaf, don haka in inji yana sulo a wajen juyi 850 a minti, tafet guda zai buga sau 425, wato kusan sau bakwai a daƙiƙa. Ƙara ce siririya mai tsari, daga saman inji. Masu irin wannan mota sun san ta sarai, kuma Mazda da kanta ta bar wannan tsari a ƙira ta biyu da ta fito a 1998, ta koma tafet marasa mai.

In tana ɗaukewa cikin 'yan mintuna, ba abin tashin hankali ba ne. Duba yawan baƙin mai, domin in ya yi ƙasa ƙarar kan daɗe. Canza shi da 10W-30 mai kyau, ka sa filta mai bawul ɗin hana mai komawa ƙasa in an kashe inji, sau da yawa wannan kaɗai kan rage ta. Tsohon mai da ya yi kauri da dauɗa shi ne babban abokin gabar waɗannan tafet, saboda ƙofofin da mai ke bi ƙanana ne ƙwarai. Abu ɗaya da ke kwaikwayon wannan ƙara shi ne yoyon hayaƙi a manifol ɗin salansa: shi ma tsit-tsit yake yi da sanyi, ƙarfe ya yi zafi ya buɗe ya toshe tsagar sai ya yi shiru. Alamarsa ita ce kunkunniya a gefen gasket ko noti da ya karye. Leƙa ka gani, ba ya ɗaukar lokaci.

Yanzu ga wadda ta dame ka. Abu na farko, kada ka yarda da inda kunnenka ya ce ƙarar take. A wannan mota kana zaune ne dab da tayoyin baya, ƙasa-ƙasa, ramin da farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa bak-aksul, da bututun salansa ke bi yana gogar cinyarka, kuma babu wani abin kirki na tare ƙara tsakaninka da ƙarfe. Sannan akwai wani abu na musamman a ƙirarta. Giyabos ɗinta ba shi da mazauninsa na roba kamar na yawancin motoci. An haɗa shi da bak-aksul ne da wata doguwar sandar alminiyam da aka ɗaure gam a kowane ƙarshe, ta yadda inji da giyabos da bak-aksul suka zama jiki guda, a rataye kan robobin inji biyu a gaba da robobin bak-aksul biyu a baya. Wannan ne ya sa motar ke amsa totur nan take, amma shi ne kuma ke sa ƙarar da aka haifa a gaba ta bi sandar nan ta fito maka a bayan kujera. Bututun salansa ma haka yake kai ƙara daga wuri zuwa wuri. Saboda haka tambayar da za ka yi ita ce me ƙarar take bi: juyin inji, gudun taya, nauyin da ke kan giya, zafi, ko gargadar hanya. Kowanne cikin waɗannan yana nuna sashe daban na motar.

Kafin komai, kwashe but. Batirin wannan mota a but yake, tare da jak da sifiya, ga kuma ƙarafan rufin tanti da ke naɗe a bayan kujeru. Tabbatar batir a ɗaure yake, fitar da jak da kayan aiki, ka gwada motar rufi a buɗe sannan a rufe. Kada ka raina wannan mataki. An sha kwance manyan abubuwa saboda sifanar da ke rawa a but.

Sai gwajin da ya fi kowanne muhimmanci. Bari inji ya yi zafi sosai, ka tsaya a fili inda iska ke wucewa, ja birkin hannu, sa firi. Ɗaga totur a hankali har allura ta kai 2,500, ka ci gaba sannu-sannu zuwa 3,500, ka dawo ƙasa a hankali. Daga nan ka ba ta wuta da sauri ka saki, ka saurara lokacin da allura ke saukowa. Idan kacau-kacau ɗin ya fito mota tana tsaye, magana ta ƙare a kan bak-aksul, da farfela, da shaf ɗin tayoyi, da boris ɗinsu, domin duk cikinsu babu mai juyawa a wannan lokaci. Maimaita kana take da kuloci har ƙasa. Yin haka yana tsayar da haƙoran cikin giyabos. In ƙarar ta ɗauke da taka kuloci, daga cikin giyabos take. In sai ka taka take fitowa, rilis boris ne na kuloci. In kuwa ko a jikinta, to ta rage tsakanin inji da abin da ke maƙale a jikinsa.

Zatona shi ne za ta fito a tsaye, kuma ga dalilina. Abin da ya lalace yana juyawa, kamar boris ko haƙorin giya, ƙararsa tafiya take da juyi: juyi ya ƙaru ta ƙaru, ba ta zaɓar wuri. Ƙarar da ke da ƙofar shiga da ƙofar fita, ta fara a 2,500 ta ɗauke bayan 3,000, halin abu ne sako-sako marar kauri da girgizar inji ta dace da tasa girgizar a daidai wannan wuri. Inji mai silinda huɗu a jere yana da wata girgiza ta asali da ke zuwa sau biyu a kowane juyi. A juyi 3,000 a minti karanshaf yana zagayawa sau 50 a daƙiƙa, girgizar kuma sau 100. Porsche ta sa wa injin 944 wasu shaf biyu na musamman don kashe wannan girgiza, injin MX-5 kuwa ba shi da su, duk abin da ya saki a jikinsa sai ya yi waƙa.

Abin da ya fi yawan saki a mota mai shekaru sama da talatin shi ne garkuwar zafi, wato fallayen ƙarfen nan marasa kauri da aka lulluɓe manifol da bututun salansa da su, da waɗanda aka kafe a ƙasan mota saman salansa. Zafi da sanyi da tsatsa suna cinye waldar da ke riƙe su, ko ramin noti ya faɗaɗa har falle ya riƙa lilo a kansa. Bayanta sai katalis, tukunyar tace hayaƙi da ke kan bututun salansa: idan saƙar da ke cikinsa ta farfashe, gutsattsarin kan yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Akwai kuma farantan da ke cikin tukunyar salansa ta baya, waɗanda kan ɓalle daga waldarsu, da maƙalin da ke riƙe bututu a gefen giyabos, da robobin da salansa ke rataye a kansu.

Abin da ka ce na cewa ta fi fitowa in ka saki totur ya ƙara mini ƙarfin zato. Dalili biyu ne. Kana sakin totur rurin inji ke raguwa, sai ƙaramar ƙarar da ya danne ta bayyana. Sannan inji kan karkata gefe guda in yana ja, ya karkata ɗaya gefen in mota ce ke tura shi. Idan robobin inji sun tsufa sun zauna, ko ɗaya ta rabe, wannan karkatar kan ishi bututun salansa ya taɓa jikin mota ko wata sandar ƙasa. Nemi wurin da ƙarfe ya goge yana sheƙi, ko inda tsatsa ta kankare, nan ne suke haɗuwa.

Yadda za ka kama shi: bari salansa ya huce sarai. Sa motar a kan rami ko a ɗaga ta a tokare da ƙafafun ƙarfe, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bi salansa daga manifol har wutsiya kana bugunsa da gudumar roba ko gefen dunƙulen hannu. Lafiyayyen bututu dum yake amsawa, ya yi shiru. Inda ka buga ka ji wani abu ya biyo baya da ƙarau, ka iso. Kama kowace garkuwa da yatsu ka girgiza. In ka sami wadda kake zargi, sa wani ya riƙe totur a inda ƙarar ke fitowa, kai kuma ka danna fallen da doguwar sanda. Ta ɗauke, ka saki ta dawo, shi ke nan. Gyaran bai wuce kilif na ƙarfe da za a zagaye bututu da shi a ɗaure ba, ko wosha mai faɗi a kan ramin da ya cinye, ko ɗigon walda. Wasu kan fizge garkuwar su yar. Ban goyi bayan haka ba, musamman wadda ke saman manifol da waɗanda ke kusa da tankin fetur, wanda a wannan mota yake bayan kujeru. Ba don ado aka sa su ba.

Duk da haka, bakaniken da ya ce a sauke inji bai yi maganar banza ɗungurungum ba, kuma wannan ne wurin da nake so ka nutsu. Metal ɗin kon rod, wato shimfiɗar ƙarfen da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf, idan ya fara cinyewa, shi ma ya fi son fitowa a wajajen 2,500 zuwa 3,000, kuma daidai lokacin da ƙafa ke sassauta totur, inji ba ya ja ba a kuma tura shi. A wannan lokaci ne kon rod ke samun damar wasa a kan karanshaf. To dole a kore wannan zato da hujja, domin shi ne kaɗai cikin jerin nan da zai iya kashe inji cikin tafiya guda.

Muryarsu ta bambanta. Garkuwa zirrr take yi ko kacau-kacau, siririya, ba ta da tsari. Metal ƙwan-ƙwan yake yi, mai nauyi, daga ƙasan inji, yana tafiya daidai da juyi, kuma ya fi muni in mai ya yi zafi ya tsinke. Amma kada mu tsaya ga murya. Motarka tana da gata guda: gejin matsin mai na ƙirar 1991 na gaskiya ne, allurarsa tana hawa da sauka da juyin inji, ba kamar na 1995 zuwa sama ba da aka mayar da shi kusan fitila, ya tsaya wuri guda muddin akwai ɗan matsi. Lura da shi in inji ya yi zafi. Idan a sulo yana faɗuwa ƙasa fiye da yadda ka saba gani, ko yana jinkirin tashi in ka ba ta wuta, akwai magana. Tunda na'urar da ke aika wa gejin saƙo ita ma ta tsufa, a ɗaura gejin hannu a tabbatar.

Sai sauraro da ƙarfe. Ɗauki doguwar sukudireba, ka kafa bakinta a jikin inji, ka ɗora kunne a kan mariƙin. Saurari murfin sama, ka saurari gefen inji ƙasa kusa da kaskon mai. Inda ƙarar ta fi kaifi nan ne gidanta. Naɗe hannun riga, kada wani abu ya yi lilo kusa da bel, kuma ka tuna fankar lagireto tana iya tashi ba sanarwa. Daga nan a cire wayar injekta ɗaya bayan ɗaya inji yana aiki. Silindar da aka hana wa fetur ba ta da bugun wuta, in metal ɗinta ne ke ƙara sai ƙarar ta ragu sosai ko ta ɗauke. Injekta za a cire, kada a fizge wayar fulogi, domin hakan yana iya lalata koyil. Hujja ta ƙarshe tana cikin mai: a juye shi a kasko mai tsabta a duba a rana, a yanka filta a buɗe takardar cikinta. Ƙyalli-ƙyalli mai launin tagulla ko gutsattsarin ƙarfe shi ne shaidar metal. In matsin mai daidai ne, cire injekta bai sauya komai ba, filta kuma tsaf, babu dalilin sauke wannan inji.

Akwai wata ƙarar inji da mutane kan kawo a nan, wato ƙararrawar da fetur ke yi in ya kama wuta kafin lokaci. Ita a kan nauyi take fitowa, in ka danna totur a babbar giya ko kana hawan tudu, tana ɗaukewa da zarar ka saki. Taka akasin haka ce, don haka ban sa ta a lissafi ba. Sai dai ka sani wannan inji ba shi da na'urar jin wannan ƙara da zai ja taimin baya da kansa, kuma masu motar da yawa kan tura taimin gaba daga digiri 10 da kamfani ya sa don neman ƙarin ƙarfi. In ba ka san tarihin motar ba, a haska a gani.

Tunda ƙirar 1991 ce, akwai abin da zan so ka duba ko da ba shi ne ke ƙara ba. Injinan farko, daga 1989 zuwa tsakiyar 1991, suna da karanshaf mai gajeren baki. Idan aka canza taimin bel ba a ɗaure babban notin fuli yadda ya kamata ba, makullin da ke riƙe fulin kan cinye raminsa a hankali. Ana gane su da fuli mai tsaga huɗu a fuskarsa, na baya da aka gyara tsaga takwas gare shi. Tsaya gaban mota inji yana sulo ka kalli fulin ƙasa. Ya kamata ya juya daidai ba lilo. In yana rawa, ko ka ga jan gari kamar tsatsa a kewayen notin, ko motar ta rasa ƙarfi a ƙananan juyi, a tsaya a duba shi kafin komai. Kana wurin, in kana zargin altaneta ko famfon ruwa, a cire bel ɗinsu a tayar da inji da sanyi na ƙasa da minti guda. Kada a wuce haka, domin bel ɗin altaneta shi ne ke juya famfon ruwa.

To idan ƙarar ta ƙi fitowa a tsaye fa? Sai a hau hanya, a sami miƙaƙƙiya marar cunkoso. Nemo ta a lamba biyu, ka lura da juyin inji da kuma gudun mota. Shiga lamba uku. In ta dawo a juyi ɗaya alhali gudu ya sauya, har yanzu inji take bi, kuma mun koma kan salansa da robobin inji, sai dai tana bukatar nauyi kafin ta bayyana. In kuwa a gudu ɗaya take dawowa ko wace giya kake, to daga wutsiyar giyabos zuwa baya take. Tana cikin yi ka taka kuloci ka bar mota ta gangara. Ta ɗauke nan take, nauyin da ke kan haƙora ne ke kawo ta. Ta ci gaba, wani abu ne mai juyawa da taya.

Nan ma lissafi yana taimako. Tayar asali ta wannan mota, 185/60 a kan rim 14, zagayenta kusan mita 1.8 ne. A gudun kilomita 20 a awa tana juyawa wajen sau uku a daƙiƙa, abin da kunne zai iya ƙirgawa. Farfela kuwa tana juya sau 4.3 a kowane juyin taya guda. Saboda haka bugun da kake iya ƙirgawa a hankali na taya ne, ko birki, ko shaf ɗin gefe. Wanda ya yi sauri har ya zama kaɗawa a ƙarƙashin kujera na farfela ne. Kuros ɗin farfela, wato gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasa, idan ya bushe yakan fara da tsiwa a ƙaramin gudu, ya koma ƙwas in ka saki totur ko ka taka, daga baya ya zama girgiza. Kama farfela da hannu biyu kusa da kowane kuros ka murɗa gaba da baya. Ko kaɗan bai kamata a ji wasa a cikin kuros ɗin ba, kuma jan gari a bakin kofunansa alama ce ya mutu. A MX-5 an dasa su ne yadda ba a yi su don a canza ba, yawanci farfelar ake sauyawa gaba ɗaya.

Bak-aksul da kansa ba kacau-kacau ne yarensa ba. Kuka yake yi, wuuu, mai hawa da gudu, wanda kan fito in kana ja ya ɗauke in ka saki, ko akasin haka, gwargwadon gefen haƙorin da ya cinye. Gaskiya ne na masu inji 1.6 ƙarami ne, Mazda ta ƙara masa girma a 1994, kuma yakan mutu a hannun masu wasa da mota. Amma sunan da ya yi bai isa hujja a kan taka ba. Kowace tsohuwar motar gudu tana da irin wannan abin da aka san ta da shi: a Porsche 911 ta kafin 1984 abin ɗame sarƙar taimin ne, a 944 boris ɗin cikin bututun da ya haɗa inji da giyar baya, a MGB mai wili na waya kuma haƙoran cibiyar wili ne ke ƙwas in an ja ko an taka birki. Sanin wannan yana da amfani wajen sanin inda za a fara leƙawa. Illarsa ita ce bakanike ya ji sunan mota ya faɗi cutar tun bai durƙusa ba.

Akwai wata ƙara guda a wannan sashe da ta yi kama da taka ƙwarai, kuma ita ce zatona na biyu. Idan aka saki totur a ƙaramar giya, haƙoran giyabos da na bak-aksul kan yi karo da juna cikin ɗan wasan da ke tsakaninsu, su ba da wani shhh-kacau da sandar alminiyam ɗin nan ke kawowa har kujera. Ba ta fitowa a tsaye, kuma tana ɗaukewa da taka kuloci. Takan tsananta idan an sa filawil marar nauyi, ko kuloci mai tauri, ko an kwance sandar lokacin aikin kuloci ba a mayar da ita a daidai tsayin da littafin gyara ya faɗa ba. Don haka ka tuna: wane aiki aka yi wa motar kafin ƙarar ta fara? In an taɓa kuloci, ko giyabos, ko salansa, daga nan za a fara. A duba notunan sandar gaba da baya, a auna zamanta, a duba robobin bak-aksul. Irin wannan ƙara tana da ban haushi, amma mota kan yi shekaru da ita. Gwada kuma lamba huɗu: a cikinta juyi yana wucewa kai tsaye ba tare da ya bi ta shaf na ƙasa ba, don haka ƙarar da ke cikin kowace giya amma ta yi shiru a huɗu tana nuna boris ɗin cikin giyabos.

Wayarka ma tana da amfani. Ɗaure ta a but ka ɗauki sauti, ka maimaita a ƙasan kujera, ka sake a wajen ƙafar fasinja, duk a hanya ɗaya da giya ɗaya, kana faɗin juyin inji da baki. Inda ta fi ƙarfi ya fi kusa da tushe. Sai dai wayoyi da yawa suna tace ƙarar da ba muryar mutum ba, don haka rashin jin ta a waya ba ya nufin babu ita. Wasu gareji suna da ƙananan makirfo masu maƙali da ake kafawa a wurare da dama a ƙasan mota a saurara ɗaya bayan ɗaya ana tafiya. In gwaje-gwajen nan ba su kama ta ba, wannan ne mataki na gaba.

Kan ko za ka ci gaba da hawa: muddin matsin mai yana inda ya saba, fulin ƙasa ba ya rawa, babu girgiza a ƙarƙashin kujera mai ƙaruwa da gudu, kana iya hawa a hankali har ka gama bincike. Ɗaya daga cikin ukun nan ya bayyana, ko siririyar ƙarar ta koma ƙwanƙwasa mai nauyi, kashe ta a inda take a jawo ta.

In ka koma wurin wanda ya ce a sauke inji, ce masa ya ɗaura gejin hannu ya nuna maka matsin mai da zafi, ya kuma nuna maka silindar da ƙarar ke ɗaukewa in an cire injektarta. Wanda ya ce bak-aksul ne, ya juye mansa a gabanka. Man bai kai lita ɗaya ba, kuma notin juyewar yana da mayen ƙarfe: laushin baƙin gari a kansa ba komai ba ne, gutsattsarin da yatsa ke ji su ne matsala. Ya fara kwance notin zubawa na sama kafin na ƙasa, domin a mota mai waɗannan shekaru na saman kan ƙi fita, kuma ba ka son ka gano haka bayan man ya riga ya tsiyaye.